Bututun da ya sulale a rijiyar Gagarawa

Mun tashi da asuba ranar Laraba daga Gumel, ni da abokin aikina, kayan gyaran famfo ɗaure a bayan babur. Wani ƙauye gaba da Gagarawa Tasha ne ya kira mu, famfonsu na tuƙa-tuƙa kwana tara ba ɗigon ruwa. A Tasha muka tsaya shan koko. Ƙosai ya ƙara kuɗi ya rage jiki, sai ka haɗa biyu kafin haƙori ya san da zuwansa.

Abin da na tarar ya ƙona mini rai. Wasu matasa ne suka riga mu zuwa, waɗanda wata ƙungiya ta yi wa bitar kwana uku ta ba su takardar shaida da riga mai tambari. Suka kwance kan famfon ba su danne bututun da komai ba, ya sulale gaba ɗaya ƙasan rijiya, su kuma suka cika wandonsu da iska. Yanzu mata sai ƙauye na gaba da jarkoki a ka, kuma in bututun bai fito ba rijiyar ta mutu ke nan. Haushina yana kan wanda ya gaya wa yaran nan ana koyon aikin hannu a ɗakin taro.

Na yi ta zura ƙugiyata ta kamo bututu har la'asar, ban kamo komai ba sai kunya. Dole na tuna da tsohon da ya koya mini sana'ar, yana garin Sule Tankarkar, rabona da gaishe shi shekara huɗu.

Alhamis da hantsi muka ratsa gonakin gero da riɗi muka same shi a zaure. Ido ya yi rauni, ƙarfi ya ragu. Mutumin da ya fito da bututu a rijiyoyi ba adadi, amma masu shirya bita ko sallama ba su taɓa yi masa ba.

"Gaisuwa ka zo ko matsala?" in ji shi.

"Duka biyu, Baba."

"To, fara da ta gaskiyar."

Ya shafa ƙugiyata ya ajiye. Ya ce bututun ya jingina da bango ne, sai ƙugiya mai lanƙwasa a wuya. Na ɗauke shi, abokin aikina ya hau acaɓa, sai Maigatari wurin maƙeri. Kasuwa na ci, raƙuma da shanu sun tare hanya, mutanen Damagaram na ciniki ba gaggawa. Sau uku Baba yana mayar wa maƙeri ƙarfen, har maƙerin ya fara huci kamar zugazuginsa.

Juma'a da safe muna bakin rijiya, gari ya kewaye mu. Na miƙa hannu zan kama rodin ƙugiyar, Baba ya ture ni ya kira abokin aikina. Ya ɗora tafinsa a kan nasa, ya rufe ido. "Hagu kaɗan. Tsaya. Ka ji ya yi nauyi? Ja a hankali." Kafin masallaci bututu ya fito, ruwa na zuba, mata na guɗa.

Sai Baba ya tambayi abokin aikina, "Shekararka nawa da shi?"

"Takwas, Baba."

"Ya taɓa bar maka ƙugiya?"

Baba ya juyo gare ni. "Kai a shekararka ta biyu na bar maka, ka jefa mini ita rijiya, ban fasa ba."

Mun mayar da Baba gida, na kamo hanyar Gumel raina na tafasa, wannan karon da kaina. Magidanci mai 'ya'ya uku na mayar ɗan miƙo sifana, don tsoron kada ya iya ya bar ni. Tafiyar nan ta koya mini cewa sana'ar da ba a ɗora hannu a kan hannu ba, kabari take bin mai ita.

A ƙofar gidansa abokin aikina ya sauka, ya miƙo mini sabuwar ƙugiyar kamar yadda ya saba. Na ce ya shiga da ita ciki.

"In kawo gobe?"

"A'a. Taka ce."