Gashin Zabon da Aka Aiko wa Davou

Ni da Davou mun yi shekara goma sha ɗaya muna aiki a sito ɗaya na kayan gini a birnin Greensboro, nan ƙasar Turawa. Ni ke rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, shi ke tuƙa motar ɗaga kaya. Mutumin Bukuru ne ta wajen Jos, Kirista, kuma Hausarsa ta fi ta wasu Kanawan garin nan. Akawu yake kirana. Matarsa ta rabu da shi tun kafin mu saba, ba su haihu ba, sai ya zauna a wani gida mai faɗin fili a Pleasant Garden, can bayan gari, daga shi sai karnuka biyu, Duna da Kyalla. Rabonsa da gida shekara goma sha tara. Ba takardu suka hana shi ba. Mahaifinsa ne ya rasu bai je jana'iza ba, kunya ta hana shi zuwa shekarar da ta biyo, daga nan kowace shekara kunyar ƙaruwa take yi.

Abin da ya sa wa rai shi ne kamun kifi da ƙudan ƙarya. Wani tsohon Bature a wurin aiki ya koya masa. Ana ɗaukar ƙaramar ƙugiya a naɗa mata zare da gashin tsuntsu ko na dabba har ta yi kama da ƙwaro, a jefa a kan ruwa, kifi ya taso ya haɗiye. Ran Asabar yakan yi tuƙin awa biyu zuwa rafukan duwatsun yamma. Sauran ranaku in ya tashi aiki yana gareji, tabarau a kan hanci, yana ɗauri. Yawancin kifin ma sakinsu yake yi. Na sha gaya masa a garinmu wanda ya kama kifi ya mayar ruwa sai an nema masa magani. Shi kuma yakan ce mutumin da ke rubuta ranar da ya sayi buroshin haƙori ba shi da bakin magana.

Karnukan ba sa ƙyale kayan ɗaurin. Fatar wuyan zakara, wutsiyar barewa, fatar zomo, duk ƙamshin nama suke yi musu. Sun tauna masa kaya ba sau ɗaya ba, har ya sayi akwatin ƙarfe. Bai taɓa dukansu ba. Duna, baƙin, shi ne nasa na kusa, tun yana ɗan kwikwiyo ya tsince shi a bayan sitonmu.

A watan Maris na 2023 ya tura wa ƙanwarsa Bebi saƙon murya, ya ce in an sami mai zuwa a aiko masa da gashin zabo, da na wuyan farin zakara, da ɗan gashin baƙar akuya. Bai ce mata ga abin da zai yi da su ba. Saƙon ya iso a watan Mayu cikin ledar yaji. Ƙullin an ɗaure shi da baƙin zare, gashin yana da maiƙo, yana ƙamshin hayaƙi. Davou ya ajiye a tebur ya fita duba wasiƙa a bakin titi. Kafin ya dawo Duna ya cinye ƙullin har zaren. Kyalla, wadda kullum sai ta yi faɗan rabonta, tana ƙarƙashin mota, ta ƙi fitowa har la'asar.

Likitan dabbobi ya duba shi ya ce ba ƙugiya a ciki, gashin zai fita da kansa.

Lambar ofishina ce a wuyan karnukan, domin ba a yarda mai tuƙa motar kaya ya riƙe waya ba. Shi ya sa abin da ya biyo baya yake cikin littafina na saƙonni. Ran 22 ga Mayu wata mata ta kira daga Forest Oaks, ta ce ga baƙin kare zaune a farfajiyarta. Ran 2 ga Yuni wani manomi ya kira daga kusa da Snow Camp. Ran 15 ga wata wani mutum ya kira, ya same shi a bakin kogin Haw, a Saxapahaw, tafin ƙafafunsa duk jini. Duka ukun abu ɗaya suka faɗa ba tare da na tambaye su ba: karen ba ya haushi, ba ya cin abin da aka ba shi, yana zaune ya fuskanci waje guda. Na buɗe taswira na sa alama uku. Kowace ta fi ta baya nisa, kuma duk gabas.

Davou ya ƙara wa shinge tsawo, Duna ya haƙa ƙarƙashinsa. Davou ya ɗaure shi da sarƙa, karen ya ja har wuyansa ya saɓule. Na je gidansa wata Lahadi da hantsi. Ni ba mai kusantar kare ba ne, na tsaya daga nesa. Duna yana zaune a jikin shingen gabas, haƙarƙarinsa duk a waje. Davou ya kira sunansa sau uku, ko kunne bai motsa ba. Ciyawar wurin ta mutu, ta bar shaidar zamansa.

Na nuna wa Davou taswirar, na tambaye shi wa ya haɗa ƙullin nan. Ya kira Bebi a gabana, ya buɗe murya. Ta yi ta kewaye-kewaye, daga baya ta ce ba ita ba ce. Mahaifiyarsu, Ngo Tabitha, ta ji saƙon. Tsohuwa ta ce ba mai neman gashin zabo da farin zakara da baƙar akuya lokaci guda sai mai neman magani, kuma tunda ɗanta ya buɗe wannan ƙofa da kansa, ita ma tana da tata buƙatar. Ta kai kayan wurin wani mutum a bayan garin Kuru aka yi kiranye a kansu, irin wanda ake yi wa ɗan da ya ɓace a duniya, ya kasa zama ko'ina sai ya dawo gida.

Sai muka ji muryar tsohuwar, ta karɓe wayar.

"Davou, ka taɓa gashin da hannunka?"

"Ngo, ƙudan kamun kifi nake yi da shi. Kare ne ya cinye."

 Ta ce, "To ai kira ba ya komawa. Sai an amsa."

Ya roƙe ta ta koma wurin mutumin ya warware. Ta ce ya mutu a watan Afrilu.

Ni dai na gaya masa abin da na sani: yaji da maiƙo suna jan kare, kuma kare yakan yi yawo. Ya ce in haka ne in bayyana masa taswirar da ni na zana.  Likita ya canza wa Duna abinci, ya ba da ƙwayoyin kwantar da hankali, ya ce in aka ci gaba haka ba zai kai ƙarshen Agusta ba.

Ran 19 ga Yuli Davou ya shigo ofishina ya cike takardar hutu na sati uku.

"Akawu, ni ake kira, shi ya ɗauka. In na je na amsa, ƙila a sake shi."

Ya bar karnukan a hannun maƙwabcinsa, wani Bature mai kiwon kaji, ni kuma nakan leƙa bayan aiki. Ran 26 ga wata da ƙarfe huɗu da minti goma na yamma ina tsaye a farfajiyar, Duna ya miƙe daga jikin shinge, ya girgiza jiki, ya tafi wurin kwano ya cinye abincin tas, ya kwanta a inuwa kusa da Kyalla. Na rubuta lokacin. Washegari Bebi ta gaya mini motar da ta ɗauko Davou daga Abuja ta tsaya a ƙofar gidansu tara na dare ta ɗan wuce, agogonsu, wanda ya riga namu da awa biyar.

Ran 14 ga Agusta ya kamata ya koma aiki. Bai zo ba. Ya kira ni a Satumba, muryarsa lafiya lau, har da tsokana. Ya ce sau uku yana zuwa tasha da jakarsa. Da ya sa ƙafa a mota sai ya ga ya sauko, bai san lokacin da ya kama hanyar gida ba. Ya tambayi nauyin Duna, na karanta masa daga littafina. Ya ce to alhamdu lillahi, kamar yadda yake jin mu Musulmi muna faɗa.

A watan Nuwamba ya turo takardar da ta mallaka wa maƙwabcinsa karnukan biyu, ya ce in sa hannu a matsayin shaida. Na kai takardar Pleasant Garden da kaina. Duna ya yi ƙiba, gashinsa yana sheƙi, yana bin sabon maigidansa zuwa akurkin kaji. Na kira Davou ta bidiyo, na juya masa wayar. Ya kira karen. Duna ya ɗaga kai ya dubi wayar kamar yadda kare ke duban baƙo, ya wuce abinsa.