'Ya'yan Tsamiya Huɗu a Gurbin Gudu

Shekarun baya, tun muna cikin jihar Sakkwato, 'yar kawuna ta zo daga Argungu ta zauna gidanmu a Birnin Kebbi don karatun sakandare. Taubashiyata ce, ita 'yar namiji, ni 'yar mace, saboda haka tun muna ƙanana ba ta da sunan da take kirana sai "baiwata". Ni kuma "gurguwa" nake ce mata, don shan inna ya shanye mata ƙafar hagu, da sanda take tafiya. Nakan ɓoye sandar a bayan rumbu, ita kuma ta zuba mini barkono a kunu. Idan aka kai ƙara, mahaifiyata ta ce, "Ku tahi can, ba ni shiga shari'ar tobassai."

A lokacin littattafan soyayya sun fara shigo mana daga Kano, kuma ni ba su bar mini hankali ba. Ko tsakar gida nake shara, a zuciyata ina cikin wani lambu ne, wani mai farar mota yana jirana. Da muka karance duk waɗanda ake ba da aro a unguwa, sai taubashiyata ta ƙirƙiro mana wasa don mu riƙa yin namu labarin.

Bayan la'asar muke yi, mu biyar: ni da ita, da yayata, da 'yan mata biyu na maƙwabta. Kowa ta tona gurabe huɗu a ƙasa: na ƙarfi, na gudu, na wayo, na farin jini. Kowa a ba ta 'ya'yan tsamiya goma sha biyu ta rarraba wa jarumarta yadda take so, amma gurbi ɗaya ba ya wuce shida. Yayata ce mai ba da labari. Idan ta ce kura ta biyo ki a dajin aljanu, sai ki jefa dayis ɗin ludo. In ɗigon da ya fito bai wuce 'ya'yan da ke gurbin gudunki ba, kin tsira. In ya wuce, kin zama abinci.

Dokar taubashiyata ɗaya ce: kowa sha biyu, ba ƙari. Kina son ƙarfi, to ki rage wayo. Ita kullum shida take zuba wa gudu, jarumarta maharbiya ce da ko barewa ba ta kamo ta. Ni kuwa shida nake zuba wa farin jini, don ina so ɗan sarkin aljanu ya gan ni ya suma. Kafin in kai gare shi kura ta cinye ni. Kullum.

"Baiwata, kura ba ta san kyawo ba," in ji ta. "Nama ta sani."

Abin ya dame ni. Na fara gardama cewa wasan ƙarya ne. A littafi jaruma tana da kyau, tana da ilimi, tana da komai. A duniya ma Allah bai raba daidai ba, wata tana da ashirin, wata tana da biyar. Don me za a ɗaure mu da sha biyu? Na kawo shawara: a yi wasan gaskiya, kowa ta fito a matsayin kanta, ta kusa da ita ta zuba mata abin da ta cancanta, ba ƙidaya. Ba gaskiya nake nema ba, ku sani. So nake in ga an zuba mini shida a farin jini da hannun wata.

Yayata ta ce ba ta so. Taubashiyata ta ce, "Bar ta, Yaya. Yau baiwata za ta ji awonta."

Ita ta fara zuba nawa. A gurbin wayo ta ajiye ƙwaya ɗaya, ta ce, "Wagga ma aro ce, ki maido in an ƙare." A farin jini ta sa uku: "Biyu naki, guda na man shafawa." Aka yi ta dariya har ɗaya daga 'yan maƙwabta ta kwanta a ƙasa. Ni ma na yi, ina cewa za ki gani.

Sai lokacin nawa zubin ya zo. Na sa mata biyar a ƙarfi, don damtsenta ya fi na kowa, ita ke dakan gero a zaune. Na sa shida a wayo, aka ce ba gardama. Na kai hannu gurbin gudu.

Tana zaune ta miƙe ƙafar a gabanta, zani ya ɗan janye. Shekara goma sha shida ina ganin ƙafar nan, ban taɓa kallonta ba sai ranar. Siririya kamar muciya, tafin ya juya ciki, gefen da take jan ƙasa da shi duk ya yi kanta. Na ɗago, na ga tana murmushi, ta karkatar da kai tana jira. Na san wannan zaman. Ta riga ta shirya amsar da za ta rama da ita, jira kawai take in bar gurbin wayam in faɗi tawa baƙar maganar.

Na tuna yadda jarumar littafi take share wa masu rauni hawaye. Na ƙirga huɗu na zuba.

"To madalla, mu ci gaba," yayata ta faɗa da sauri. 'Yan maƙwabta suka sunkuyar da kai.

Taubashiyata ta dubi gurbin. "Huɗu?"

"Ai kina ƙoƙari," na ce, da wata murya mai taushi da ban san ina da ita ba.

Murmushin ya tafi a hankali. Ta ja zaninta ta rufe ƙafar, ta ce, "Na gode."

Tun da aka haife mu ba ta taɓa yi mini godiya ba.

An yi wasan har ƙarshe. Kura ta biyo ta, ta jefa dayis, uku ya fito, yayata ta ce ta tsira. Ba wadda ta yi shewa. Washegari da safe ta ce mini, "Ina kwana, an tashi lafiya?" Na ɓoye sandarta don in tsokane ta. Ba ta yi ihu ba, ta zauna a bakin ƙofa har na gaji na kawo mata, ta karɓa da hannu biyu. Da aka yi hutu ta koma Argungu, ta roƙi kawuna ya nema mata makaranta a can.

Mahaifiyata ce ta fassara mini, tana tsince shinkafa ba ta ko dube ni ba. "Duk garin ga tausayinta a ka ji. Malamai, 'yan kasuwa, har ni da nike gwaggonta. Ke ɗai ta ka zuwa wurinki ta huta. Kin rufe mata ɗakin."

Na rubuta mata wasiƙa shafi huɗu, na kwashe duk kalaman ban haƙuri da na haddace a littattafai, har da hawayen da suka jiƙa takarda. Amsa ta zo layi uku: ta samu saƙo, ba komai wallahi, a gaida mutan gida. Na hau mota na je Argungu da kaina. Ta shimfiɗa mini sabuwar tabarma, ta sa aka soya mini kifi, ta raka ni har bakin hanya tana jan ƙafa. Da ta zage ni da na ji sauƙi.

Yanzu nakan ga jikokina suna irin wannan wasa a waya, suna ƙara wa jarumi ƙarfi suna rage masa gudu, suna faɗa kan wai an yi wa wani rowa. Sai in tuna cewa sha biyun nan da na raina ba ƙarya ba ce. Awa ɗaya ce a yini da take shiga fili da abin da kowa ya shiga da shi, ta zaɓi shidanta da hannunta. Ni na rushe wannan da sunan gaskiya, kuma da gaskiyar ta zo gabana na kasa faɗinta. Na ƙwace mata wasan, na ƙwace mata abokiyar faɗa, duk a yammaci ɗaya.

Bara na je sunan jikarta. Tsakar gida cike da mata, tana zaune a tsakiyarsu kan tabarma, tana zazzaga wa wata tsohuwar ƙawarta tsiya, ana ta kyakyata dariya. Na tsaya a kanta, na tattara ƙarfin hali na ce, "Gurguwa, har kin tsufa ba ki tashi ki tarbi mutane?"

Ta ɗago ta dube ni, fuskarta a sake, ba fushi ko kaɗan.

"Hajiya, sannu da hanya. Ku kawo ma Hajiya kujera."

Aka kawo. Na zauna a kai ni kaɗai, su duka suna ƙasa.