Dutsen da Baba Ya Shafa

Abbey Wood, 5:40 na asuba

Na bar Baba yana lazimi na fito, sanyi na cizon kunne. A jakata akwai wani dutse mai tsawon ɗan yatsa, wanda aka haƙo daga can ƙasan rijiyar mai. Shekara uku ina koya wa kwamfuta yadda ruwan gishiri zai ratsa ƙofofinsa, ya narkar da abin da zai narkar, ya turo mai waje. Yau na'urar hoto za ta leƙa cikinsa ta faɗi ko lissafina gaskiya ne. Rana ɗaya aka ba ni, dutsen kuma shi ne na ƙarshe. In ya ƙi, digirin ya ƙi.

Cikin jirgin ƙasa

Muna wuce Woolwich muka nutse ƙarƙashin kogi. Gyangyaɗi ya ɗebe ni, na ga kaina ɗigon ruwa, ina lalube a lungunan dutse marasa fitila, kowace ƙofa na yi sallama sai ta buɗe. A Whitechapel na farka, na buɗe jaka in duba mutumin nawa. An sake naɗe takardarsa, irin naɗin goro. Bakin dutsen na sheƙi, yana ƙanshin man kaɗanya.

Paddington, 6:15

Na kira gida. Tun da aka yi wa Baba aiki likita ya hana shi taɓa ruwa, ni kuwa kwana uku dutsen yana kan teburina.

"Ai na ɗauka don ni ka ajiye shi," in ji Baba. "Na ce yaron nan ya yi hankali, ya samo mini dutsen taimama."

Hannunsa kullum shafe yake da mai saboda sanyi, maiƙo kuwa shi ke sauya wa ruwa hanya a cikin dutse. Na ce masa ba komai, amma muryata ta tona ni. Na sayi shayi na kasa sha, na hau bas, minti ashirin ina kallon taga ba na ganin komai.

Ɗakin gwaji, 7:00

Madam Rifkatu, 'yar Pankshin mai kula da na'urar, ta saurare ni, ta yi dariya har da hawaye. "An yi booking ɗin na'ura, ba zancen cancel. Kawo shi nan." Ta yanke siririn ɓalli daga kowane baki, inda maiƙon ya taɓa, ta ce sauran sai addu'a, tunda dutsen ya saba da ita.

Awa shida muna kallon allo. Ruwan ya shiga a hankali kamar ban ruwa a fadama, ya yi jinkiri, ya karkata hagu, ya bi lungun da na zana masa tun bara. Na zauna a ƙasa na yi hamdala.

Gida, 5:30 na yamma

Na tarar da abincin Baba na rana a rufe, bai taɓa ba. Bai bari na zauna ba ya ce, "Na ɓata maka aiki ko?"

Na ce ruwa ya wuce, Baba. Na zuba masa ɓallayen nan biyu a tafin hannu, na ce waɗannan kam nasa ne. Ya daɗe yana kallonsu, sannan ya ce in juya masa kujera alƙibla, magariba ta yi.

Godiya ga Allah da Ya kai ni Ya dawo da ni, da Madam Rifkatu mai hannun yanka.