Monita Mai Nuna Ja

Akwai ranar da har gobe ba ta fita a raina, ranar da aka aike ni Jos in sayo monita. Ku da kuka kama aiki yanzu za ku ga kamar ƙaramin aike ne, amma ni tunda na fara aiki ban taɓa shiga ruɗani irin na wannan lokacin ba.

A ƙarshe-ƙarshen shekarun 1990 ne, ina aikin buga takardu a ofishin wata ƙungiyar gama-kai ta manoman citta da 'yan kasuwa a nan Kafanchan. Kwamiti ne ke yanke shawara, manaja ya zartar, ma'aji ya saki kuɗi. Manajanmu Mista Bulus ne, mutumin Manchok, muna ce masa Oga. Dattijo ne a cocinsu, kuma ba kasafai ake ganin haƙoransa a ofis ba. Ma'aji kuwa Alhaji Mamman ne, wanda tun kakanninsa suke fatauci a kasuwar garin nan. Shi ko tsintsiya za a saya sai ya ji dalili.

Muna da wata tsohuwar kwamfuta da aka sayo daga wani ofis da ya rufe a Kaduna. Kwamfutar wancan zamani gida-gida take: ga akwati a ƙarƙashin tebur, ga kibod, ga maus mai doguwar waya, sannan ga monita, kamar ƙaramin talabijin mai tulun ƙeya. Namu baƙi da fari yake nunawa. Wata rana da la'asar ana tafka ruwa aka yi tsawa, ya yi ƙara, ƙauri ya cika ɗakin, shi ke nan. Ga shi lokacin hedikwatarmu da ke Kaduna ta daina karɓar rahoton tafireta, sai wanda aka buga a kwamfuta aka sa a disk. Duk ƙungiyar da ba ta aika nata ba, ba za ta ga rabon taki ba.

Da yake na yi ɗan kwas na kwamfuta, kwamiti suka ce ni ce masaniya, ni zan je. Babu wanda ya tsaya ya ji cewa bugu aka koya mini, ba saye ba. Alhaji Mamman ya miƙo kuɗin da za su isa mai baƙi da fari, tokumbo, wato na hannu, ya ce rubutu kawai ake so ya fito, ba gidan silima za mu buɗe ba. Na ce to.

Ina shirin tashi sai Oga ya kira ni ofishinsa, ya tura ƙofa, abin da bai saba yi ba.

Ya ce, "Rifkatu, ki sayo mai kala. Wanda ja zai fito ja sosai."

Na ce, "Oga, a rahotonmu babu ja."

Ya ce shi dai abin da ya gaya mini ke nan, kuma ba sai Alhaji ya ji ba. Na tambaya ko zai ƙara wani abu a kan kuɗin, ya ce a'a, in yi dabara. Na fito ina juya maganar. Mai riƙe da kuɗi ya ce arha, mai riƙe da aikina ya ce ja, kuma babu wanda ya ce mini ga yadda za a haɗa su.

Washegari na shiga bas zuwa Jos. Aka nuna mini wani shago da monitoci suke jibge har rufi. Mai shagon wani gajeren mutum ne daga kudu, Hausarsa rabi Turanci. Ya tambaye ni inci nawa nake so, na ce irin na ofis. Ya tambaya ko VGA ne ko tsohon yayi, na ce ban sani ba. Ya ce to haƙoran da ke bakin wayar, jeri biyu ne ko uku? Kullum ina goge ƙurar wannan na'ura, amma ban taɓa leƙa bayanta ba. Sai ya ce in bar wannan duka, in gaya masa abu ɗaya: na aiki nake so ko na gem, wato na wasa? Na ce na aiki. Ya ɗauko mai baƙi da fari. Na ce ogana ya ce dole ya nuna ja.

Ya yi dariya ya ce, "Madam, wannan gem ne ogan naka yana so."

Raina ya ɓaci. Na ce masa ogana dattijon coci ne, ya girmi wasan yara. Ya ɗaga kafaɗa, ya ce ko ma wane ne, ba zai sayar mini da abin da bai san zai shiga akwatina ba, don ba ya karɓar kaya idan sun fita. Haka na komo Kafanchan hannu rabbana.

Alhaji bai yi faɗa ba, abin da ya fi faɗa ciwo ya yi. Ya tambaye ni a hankali ko a kwas ɗin namu ba a koyar da leƙen bayan na'ura. Oga kuwa ko sannu da hanya bai ce ba, sai "Kin ga mai ja?" Na fara tunanin ko wata takardar sirri ce hedikwata ke turowa da jan rubutu, ko kuma Oga gwada ni yake yi ya ga ko zan iya riƙe magana. Har na yi zargin ko idonsa ne ya fara samun matsala. Babu wanda ya zauna daidai a cikinsu.

Komawata ta biyu, akwatin kwamfutar na naɗe a zani na rungume a cinya, duk ramin da mota ta faɗa sai gabana ya faɗi. Mai shagon ya duba baya ya ce jeri uku ne, ya jera mini monita uku. Na farko baƙi da fari, tsaf da shi, daidai kuɗina. Na biyu mai kala ne, babba, hoto kamar ka taɓa, amma kuɗinsa ya ninka nawa. Na ukun ƙarami ne mai kala, kuɗinsa dab da na farko. Na tambayi dalilin arhar. Ya nuna mini saman allon, inda inuwar wani rubutu ta ƙone ta zauna, wai a wani banki na ƙasar waje aka bar shi a kunne shekara da shekaru. Kuma wutarsa ba irin tamu ba ce, sai da ɗan taransifoma, in ba haka ba ranar farko zai bi sahun namu da ya ƙone.

Ya yi ta bayanin ƙyaftawar allo da girman ɗigo, ina gyaɗa kai ba tare da na kama komai ba. Abin da na iya shi na yi. Na ce ya buɗe wurin rubutu, na buga layi biyu, na matsa baya na ga ina karantawa ba tare da idona ya yi yaji ba. Na ce ya nuna mini ja, ya nuna. Muka yi ciniki har ya haƙura ya haɗa mini da taransifoman, na cika da kuɗin abincina.

Aka haɗa, ya kama, rahoto ya tafi a kan lokaci. Alhaji ya daɗe yana duban inuwar nan, ya ce an sayo mana monita da rubutun wani a ciki, amma tunda bai ƙara ko sisi ba, ya bar maganar. Na ɗauka an gama.

Bayan 'yan makonni, Alhaji ya biyo ta ofis da yamma bayan an tashi, zai ɗauki makullin sito. Ya tarar da Oga a kujerata, ga karta ja da baƙi shimfiɗe a kan allo. A wurin Alhaji karta caca ce, kuma a cocin su Oga ma haka ake kallonta. Ya kai magana gaban kwamiti, aka kira ni, aka tambaye ni ko da sanina aka sayo kayan caca da kuɗin manoma. Na ce ja aka ce mini, ja na sayo, ban san na mene ne ba. Ina maganar ina jin aikina yana zamewa daga hannuna.

Oga ya miƙe ya ce a ƙyale yarinya. Ya ce a taron manajoji an faɗa musu duk wanda bai iya taɓa kwamfuta ba, za a kawo matashi a wurinsa. Shi kuwa maus ya gagare shi, in ya tura hagu kibiyar da ke kan allo ta gudu dama. Surukinsa ne ya gaya masa da wannan wasan ake koyon riƙe shi, ka ja kati ka ajiye. A tsohon monitan idonsa ba ya raba ja da baƙi.

Ya ce, "Na ji kunya in ce sa'ar 'yar cikina ta koya mini. Babu ko kwabo a wasan nan, ni kaɗai ne da na'ura."

Alhaji ya ce a je a nuna masa. Muka ɗunguma zuwa teburina, ya zauna, ya kama maus kamar mai riƙe ƙwai, ya ɗan motsa, kibiyar ta ɓace a gefen allo. Ya neme ta bai gani ba. Ya saki, ya goge hannunsa a riga, ya ce wannan ba caca ba ce, wahala ce. Ya nemi afuwar Oga a gaban kowa. Kwamiti suka yanke cewa a ci gaba, amma bayan tashi, ƙofa a buɗe, ni kuma in zauna kusa in nuna wa Oga sauran. Oga ya riƙe kujerarsa har ya yi ritaya, kuma da hannunsa ya buga takardar ajiye aikin.

Abin da na ɗauka daga wannan shi ne, a aikin ofis ba kullum mutum ke faɗin abin da yake bukata ba, musamman babba. Yakan faɗi gefen maganar ya bar ka kana lalube, ba don mugunta ba, sai don tsoron kada a ga inda ya gaza. Idan babbanku ya nemi abin da ba ku ga kansa ba, kada ku yi saurin cewa ya rikice. Ku samu lokacin da babu kowa, ku tambaye shi cikin ladabi me zai yi da shi. Ni ban tambaya ba, shi ya sa na je Jos sau biyu.