Kafso tara a bakin zanen Inna

Ina kunce ƙullin bakin zanen Inna zan ɗauko mata goro, sai ga kafso tara sun zubo. Maganin ciwon ƙirjin da likita ya rubuta mata ne, na kwana bakwai. Ga shi tari da zazzaɓi sun dawo, har mun sake kawo ta asibitin Kaura daga ƙauyenmu Sakajiki.

Na ce, "Inna, ba likita ya ce ki shanye duka ba, ko kin ji sauƙi?"

Ta ce, "Ai na ji sauƙin. Sauran na aje ma ɗiyanka. In ɗayansu ya kwanta ranar da ɓarayin daji suka tare hanya, wa zai kai shi asibiti?"

Malamar asibiti ce ta lallaɓa ta, ta ce rabin magani ba ya kashe cutar, kuma na babba ba na yaro ba ne.

Yanzu da hannuna nake ba Inna maganin, in tsaya sai ta haɗiye. Wallahi na gaji. Tambayarta kuwa har yau ban amsa ba.

Ku da iyayenku ke ƙauye, mi kuke ce musu?