Kadarkon Rafin Yamma

Na daɗe ina mai unguwa a garinmu, wani ƙauye tsakanin Gwaram da Birnin Kudu, kuma babu aikin da ya cinye mini ƙarfi kamar kadarkon rafin yamma. Ta rafin nan ake bi zuwa kasuwar Birnin Kudu da gonakin fadama. Da rani ruwansa ko idon sawu ba ya kaiwa. Da damina kuwa sai mutum ya ɗora kaya a ka, ya shiga ruwa har ƙirji.

Wata damina ƙanwar mahaifiyata, tsohuwa mai sayar da daddawa, ta zame a tsakiyar ruwan. An fito da ita da rai, amma ƙugunta bai ƙara miƙewa ba. Da na je gaishe ta sai ta ce, "Ku da kuke wuni a zauren Dagaci, me kuke tattaunawa ne?"

Na ce, "Inna, za a duba."

Ta juya fuskarta bango.

Ranar Alhamis bayan la'asar na kai maganar zaure. Akwai Dagaci, da Liman, da Sarkin Noma, da Arɗon Fulanin rugar bayan gari, da mu masu unguwanni. Kowa ya ce kadarko alheri ne. Da aka zo kan inda za a ɗora shi, nan magana ta tsaya. Sarkin Noma yana son kusa da fadama, inda gonarsa take. Arɗo ya ce nan ne mashayar shanunsa tun zamanin kakansa. Dagaci mutum ne da ba ya son ɓata wa kowa rai, sai ya ɓare goro ya rarraba mana, ya ce a ƙara shawara. Muna ƙara shawara har rani ya wuce. Inna ta rasu a cikin wannan ranin.

Shekarar da ta biyo aka daidaita a kan wani wuri da bai yi wa kowa daɗi ba. Saura itace. Giginya ake so, doguwa, kuma masu kyan duk suna gonar wani dattijo da ba ya zuwa zaure. Sau biyar ina zuwa ƙofar gidansa. A na biyar ya ce, "Mai Unguwa, ka dame ni. Sare biyu, kada in ƙara ganinka."

Aka yi shelar gayya, mata suka dama kunu tulu-tulu. Waɗanda suka amsa a baki sun fi arba'in, waɗanda suka zo da gatari ba su cika goma sha biyu ba. Mun kayar da giginyar ke nan sai ga jakada daga Birnin Kudu, wai kowane gari ya aika maza a gyara ganuwa kafin ruwa ya sauka, saboda mahara daga duwatsu. Ya tsince majiya ƙarfi ya tafi da su. Muka rage mu masu furfura. Arɗo ne ya ba mu takarkari biyu suka ja itatuwan har bakin rafi, yana kora su yana mita. Muka gitta su a kan gaɓar ƙasa, muka shimfiɗa ƙirare, muka yaɓe da laka.

Ruwan farko mai ƙarfi ya tafi da kadarkon. Ina tsaye da safe na ga gaɓar tana zaizayewa, itacen ya karkata, ya juya a hankali ya bi ruwa. Na koma gida na kwanta, uwargidana ta ɗauka zazzaɓi ne.

Da kaka wani magini, baƙo da ya zauna a unguwata, ya same ni a gona. Ya ce, "Baba, na faɗa a wurin gayya ba a ji ni ba. Gaɓar nan ba ta riƙe nauyi sai an yi mata gindi da dutse."

Na ce, "Wa zai kwaso dutsen? Ni na gaji da roƙon maza."

Ya ce, "To, a roƙi mata."

Uwargidana ce ta bi gidaje da maganar. Duk matar da ta je itace wajen duwatsu, sai ta ɗora dutse ɗaya a kan damminta, ta jefar a bakin rafi. 'Yan matan Fulani masu tallan nono ma suka shiga. Ba shela, ba kiɗa. Kafin tsakiyar rani tsibi biyu sun taru. Giginyar kuwa mun samo guda a maƙale cikin saiwar wani ɓaure, can ƙasa. Ɗayar ba mu gan ta ba, dole na koma ƙofar dattijon nan. Ya dube ni ya daɗe, sannan ya nuna mini wata da haɓa.

Maginin ya jera dutsen da kansa, kwana tara, muna miƙa masa. Wannan karon kadarko ya tsaya. Damina ta zo ta cika rafi, jakai suna haye shi da kaya.

A zaure Dagaci ya yi wa Sarkin Noma godiya mai tsawo. Ba a ambaci magini ba sai da na tuna musu, aka ce Allah ya saka masa. Ban ko gyara zama ba Liman ya ce bakin rijiyar masallaci ya fara ruftawa, jiya ma guga ya fito da laka. Kowa ya juyo ya dube ni.

Na ce, "Ranka ya daɗe, a bari in yi girbi tukuna."

Aka bari. Da na gama ɗaure dawata na zuba a rumbu, na ɗauki sandata na fara bin gidaje ina tambayar wanda ke da igiya mai ƙwari da za a shiga rijiyar da ita.