Kofin Gwangwani a Saman Benen Faisal

Duk wanda ya yi hunturu a Alƙahira ya san sanyin nan mai shiga ƙashi. A irin wannan lokaci, da an sallame Magariba sai kakarmu ta hau saman benenmu a unguwar Faisal da murhun gawayinta, tana soya gahawa, dankali na gasuwa a cikin toka. Habboba muke ce mata, kamar yadda mutanen Sudan ke kiran kaka, don can aka haife ta. Amma tatsuniya da Hausar iyayenta take yin ta, ba ta yarda a sa mata Larabci a ciki.

A shekarar da na cika goma sha ɗaya, Baba yana dafa abinci a gidan wani Bature a unguwar Dokki. Ran nan ya dawo mana da tsohuwar ƙwallo mai siffar ƙwai, ya ce ta zari-ruga ce. Ya ba mu labarin wasu ƙasashe biyu maƙwabta, masu baƙar riga da masu rawaya, da suke karawa a kan kofi ɗaya tak. Wanda ya ci ya tafi da shi gida, sai ɗayan ya zo ya ƙwace. Kafin sati ya zagayo mun naɗe gwangwanin man shanu da takarda mai ƙyalli ya zama kofinmu, mun raba yaran benen gida biyu. Ni ce shugabar Baƙaƙe, ƙanwata Nafisa ta Rawaya.

Da yake ni ce babba, ni na fara zaɓe, na kwashe duk masu ƙarfin. Kullum bayan La'asar sai gudu da ihu tsakanin igiyoyin shanya, tantabarun maƙwabta na tashi sama. Sau tara muna cin su. A karo na goma na kayar da Nafisa a kan siminti har gwiwarta ta fashe, na ɗaga gwangwanin a kanta ina rawa. Ta tashi ta ce, "Khalas, ya isa haka, Yaya Rabi. Ki riƙe abinki." Kwana huɗu ba wanda ya hau wasa, ita kuma ko kallona ba ta yi.

A daren na huɗu muna zaune gaban murhu, kowa ya juya wa ɗan'uwansa baya. Habboba ta fifita wuta, ta ce, "Ku matso, ƙawayena, yau tatsuniya mai gudu na kawo muku."

Wai akwai garuruwa biyu, kogi ya raba su. Duk shekara bayan girbi sai su haɗu a kan yashi, a ajiye ƙatuwar kabewa a tsakiya. Garin da ya kai ta gindin kukar abokan karawarsa, shi zai tafi da babbar ganga. Mutanen gabas suna da wani ƙato, Tanko, wanda in ya rungumi kabewa mutum biyar ba sa tsayar da shi. Nan Habboba ta miƙe, ta suri matashin da take jingina da shi, ta dafe shi a ƙirji.

"Ya zo nan, ya ture wannan! Ya bi can, wancan ya sha yashi!"

Tana faɗa tana kaucewa, mayafinta na zamewa, mu kuwa dariya har da riƙe ciki. Shekara bakwai, in ji ta, gabas na tafiya da ganga. A ta takwas suka ci ado, suka sauko da makaɗa, suka tsaya tun hantsi har rana ta faɗi. Ko mutum ɗaya bai ƙetaro daga yamma ba. Ganga ta koma rumbu, kaza ta samu wurin saka ƙwai.

Tanko ya kasa barci, ya kasa cin tuwo. Wata safiya ya ɗauki kabewa ya ƙetare kogi shi kaɗai. Mutanen yamma suka tare shi da jifa, ya zauna a ƙasa ya ce ba inda za shi. Damina guda ya yi yana nuna wa samarinsu yadda ake kama ƙato ta ƙafafu, da yadda ake miƙa wa na baya kabewa kafin a faɗi. Ranar wasa ya koma cikin mutanensa, ya rungumi kabewa ya taho kamar bijimi. Wani siririn saurayi da ya koya wa ya sunkuya, ya cafke gwiwoyinsa.

"Rim!" Habboba ta buga matashin da ƙasa. "Ganga ta ƙetare kogi."

Na ce, "Ashe wawa ne, Habboba. Ya ba da gangarsa da hannunsa."

"Oho. Ni dai an ce min ranar garuruwan biyu duk sun yi rawa, kuma Tanko ya cinye tuwon mutum uku. Miƙo min finjalin nan."

Washegari na je na ce wa Nafisa ta fara zaɓe. Ta daɗe tana kallona, sannan ta kira sunan 'yar da ta fi kowa gudu. Ba don na fahimci komai na yi haka ba, wasan kawai nake marmari.

Habboba ta rasu ina jami'a, Allah ya jiƙanta. Ni kuwa zari-ruga ba ta sake ni ba. Na buga har gwiwata ta ce ta gaji, yanzu ina horar da 'yan mata. Shekaru biyu da suka wuce muka lallasa wata ƙungiya ta 'ya'yan baƙin haure daga unguwar Hadayek el-Maadi, dukan da ya sa mai kula da su ta ce min za su watse. Na shiga jirgin ƙasa zan koma gida, maganar tana cina. Daga makon nan, duk Juma'a da safe ina wurinsu a wani fili mai tsakuwa, ina horar da su. Yarana sun yi fushi, wata ma ta ce, "Koci, ke tamu ce ko tasu?"

Da ina yarinya na ɗauka tatsuniyar tana cewa mai ƙarfi ya ji tausayin marar ƙarfi. Yanzu ina ganin ba tausayi ne ya ƙetarar da Tanko ba. Yana son wanda zai iya kayar da shi ne, don in babu wannan mutumin, shi ma ba shi da wasa.

A bana muka sake haɗuwa da su, Nafisa na cikin 'yan kallo da jaririnta a baya. Saura kiris a tashi, muna gaba da maki uku. Wata 'yar ƙarama cikinsu, Hawwa, wadda na sha fama da ita kafin ta daina rufe ido in za a kama ta, ta karɓi ƙwallo a gefen fili. Ta kauce wa ta farko, ta zille wa ta biyu. Ban san lokacin da na bi layi da gudu ba, ina ihu, "Yalla, Hawwa, yalla! Kar ki waiga!" Ta dire ƙwallo a bayan layi, na yi tsalle hannuwana a sama.

Sai da na juya na ga yarana goma sha biyar sun zuba min ido, sannan na tuna mu aka ci.